Mangwaron Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ba zan iya kallon fuskarka ba, shi ya sa na turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa.

Na dawo daga tafiya na tarar mangwaron Inna da ke tsakar gidana ya koma kututture. Ka ce rassan da suka tsallaka katanga suna zuba maka ganye a mota kawai za ka rage. Sai ka sare shi ƙasa da wurin da Inna ta yi masa aure da hannunta. Abin da zai toho yanzu asalin saiwar ne, mai tsami da zare. Irin nata mai zaƙi ya tafi ke nan. Ban yafe ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Kuskure ne, hannuna ne ya zarce. Amma itace ne fa. Ki daina yi kamar an yi mutuwa.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ai an yi mutuwar, ko ka manta?

Jiya na dasa darbejiya goma a jikin katangarmu, ta inda rana ke fito maka. Mai sayar da dashe ya ce cikin shekara uku za su ninka katangar a tsawo. Lemunan nan naka shida da kake nuna wa kowane baƙo, na ji rana suke so. Ni kuwa ko reshe ɗaya ba zan rage ba. Itace ne fa.

Ka huta lafiya,
Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Shekara uku ke nan, kuma kin yi nasara. Lemuna sun daina fure, ganyensu ya yi rawaya.

Akwai abin da girman kai ya hana ni gaya miki. Ranar da na yi ɓarnar, na tsince ƙananan rassa biyar na kai wa wani mai lambu, ya yi musu aure da ƙananan dashe. Ɗaya ne ya kama. Na dasa shi a gindin katanga kafin ki dasa naki, ina jira ya haihu in aiko miki da ɗan fari. Mangwaro ba ya sauri kamar darbejiya, har yanzu bai kai ƙirjina ba. Inuwarki ta rufe shi, ganyensa na zuba.

Ba don lemuna nake roƙonki ba.

Yayanki

Yaya,

Na gaishe ka. Na taka kujera na leƙa, na gan shi, na yi kuka.

Gobe da safe masu sara za su zo. Uku za su kayar, waɗanda ke kansa. Sauran bakwai suna nan a kan lemunanka, ɗazu ma na ba su ruwa.

Kuma kada ka kuskura ka je kusa da shi da zarto.

Ƙanwarka,
Auta