Garba da Abubakar Duk Kakanka Ne

Ɗana Musa,

Salamu alaikum. Ina gajiya, yaya baƙunta, yaya iyali? Mu nan lafiya lau.

Da na ji wai an tsayar da bizarka ta koyar da Turanci saboda kakanka, dariya na yi. Mutumin da ya daɗe a kabari? Ashe gaskiya ne: a gurbin sunan kaka, shahadarka ta jami'a ta ce Garba, fasfo ya ce Abubakar, masu ba da biza kuwa can ba su san mutum ɗaya ne ba.

Jiya na je garin Sinja na rantse gaban alƙali cewa Garba shi ne Abubakar. Ya ce, "Hajji, ka san shi?" Na ce, "Shi ya haife ni." Takardar rantsuwar tana hanya, kada ka karaya.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida maiɗakinka. Ka kira mahaifiyarka, don ita ta gaya mini zancen bizar a ƙarshe, tana share hawaye.