Ƙwayoyin da Na Ɓoye wa Suna

Jarwal, Makka
13 ga Zulhajji, 1435

Zuwa ga 'yata Zali,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Babanki da ƙannenki. Yaya karatun jinya? Ni lafiya lau, na sauke farali. Amma saura ƙiris Arfa ta wuce ni ina kwance, kuma laifina ne.

Kin san ƙwayoyin da nake juyewa a gwangwanin alewa, nake ce muku na hawan jini ne? Ƙarya nake yi. Farfaɗiya gare ni tun kafin a haife ki. Babanki kaɗai ya sani. Kunya ke sa ni yaga kwalin in ƙona, har sunan maganin ban taɓa riƙewa ba.

To, na manta gwangwanin a motar da ta kawo mu daga Madina. Kwana biyu ban sha ba, na yi gum. Rana ta uku na yanke jiki na faɗi a gidan da muka sauka.

Jikar mai gidan, Salwa, ita ma jinya take karanta. Hausarta duk Larabci ce, har ina tsokanarta. Ita ta hana matan gidan tura min cokali a baki, ta kwantar da ni ta gefe. Da na farfaɗo ta tambayi sunan maganin, na rasa. Sai ta buɗe leɓena ta duba dasashina da ya kumbura, wanda kullum kike min faɗan rashin goge baki a kai. Ta ce akwai maganin farfaɗiya da ke yin haka, fenitoyin, kuma barinsa farat ɗaya na iya kisa. Ta kai ni asibiti, likita ya gwada jinina, ya tabbatar da zatonta, ya mayar da ni kan maganin.

Kwana biyar bayan nan na tsaya a Arfa da ƙafafuna. Na yi kuka, na yi wa yarinyar nan addu'a kafin in yi wa kaina. Wallahi ban san da bakin da zan gode mata ba.

Ki yafe min, Zali. In kun zo darasin maganin nan, kar ki yi gyangyaɗi. Shekara ashirin da huɗu shi ke riƙe da uwarki.

Ki gaida kowa. Sai Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mahaifiyarki,
Yalwa