Da Sauƙin Baba

Laraba, bayan isha'i

Yau muka kai Baba wajen likitar da za ta duba ƙirjinsa, don a san diyyar da kamfanin fasa dutse zai biya shi. Tun da safe ya ciro babbar rigarsa ta Juma'a, ya sha zuma da citta, wai kada tari ya kunyata shi a gaban mutane. Mutumin da ko alwala ya yi sai ya huta!

Likita ta ce, "Baba, yaya jiki?" Ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi ƙwarai, alhamdulillahi." Ina ganin ta ɗauki biro gabana ya faɗi. Tun ina goye yake shaƙar ƙurar dutse a kamfanin nan, yanzu kuma zai zubar da haƙƙinsa saboda kara.

Na ce, "Likita, don Allah ki bar tambayarsa, ko yana gargara haka zai ce. Ki sa shi ya hau benen nan."

Da ya fara hawa, bai kai tsakiya ba ya riƙe ƙarfen benen, numfashinsa kamar zugazugin maƙera. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta soke abin da ta rubuta, ta tura mu ɗaukar hoton ƙirji.

A cikin keke har Anguwan Rogo bai kula ni ba. Sai a ƙofar gida ya ce, "Kin tona mini asiri, Hadiza."

To, na tona, kuma jibi ma ni zan raka shi asibitin. Ga tarinsa nan ina ji ta bango. Shi dai tari bai iya cewa da sauƙi ba.