Ranar da Na Ɗauko Baba daga Kan Jirgi

Nquthu, ranar Lahadi

Ƙanena Sibonelo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Lindeni da jaririn da har yau ban gani ba. Ya ruwan saman Cape Town? Mama ta fara cin abinci, ta kuma fara faɗa, ka ga sauƙi ya samu ke nan.

Ka ce in ba ka labarin ɗauko kurwar Baba, tunda ba ka samu zuwa ba.

"Digiri uku, amma riƙe reshe ya gagare ki?" Da wannan Gwaggo Thokozile ta tarbe ni a garejin jiragen ƙasa na Germiston, tana gyara mini reshen magaryar da ake ɗauko kurwa da shi a hannu. "Daga inda ubanki ya cika har gida, ba ki da abokin magana sai shi. Kika amsa wa wani, nan zai tsaya. Jibi kuma masu gwangwan za su yayyanka kan jirgin."

Ka san ni da irin waɗannan abubuwa. Amma Mama ta ce ba ta da barci sai mijinta ya dawo gida, wannan kuwa ba a gardama da shi.

Na hau tsohon kan jirgin da aka same shi zaune a ciki ranar da zuciyarsa ta tsaya. Irin mai ciki biyu ne, wanda nake rubuta tarihinsa: a ƙarƙashin waya ya miƙa hannun ƙarfe ya sha lantarki, inda waya ta ƙare ya sauke hannun ya kunna dizal. Na shafa reshen a kujera, na ce, "Baba, Nokulunga ce, na zo mu tafi." Ina jin kaina kamar mai wasan kwaikwayo.

Sai ga wani tsoho ya leƙo da sanda. Oom Gert Labuschagne! Injiniyan da na yi shekaru ina neman ganinsa, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga gwajin farko na irin wannan kan jirgi. Kana tuna yadda Baba ke bugun ƙirji shi ya tuƙa a ranar, ni kuma in ce sunan wani na gani a rahoto?

"Ke ce 'yar Mzwakhe mai damuna da waya? Gobe zan koma wurin 'yata a Ostareliya. Tambayi abin da za ki tambaya."

Sibonelo, har na buɗe baki. Gwaggo tana ƙasa ta zuba mini idon da zai iya tsayar da jirgin kaya. Sai na dubi reshen na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, kai ka tuƙa ranar gwaji?"

Tsohon ya dubi hannuna, ya cire hula. Ashe zamansa cikin ma'aikatan dogo bai tashi a banza ba. Ya juya wajen kujerar.

"Mzwakhe, tsohon banza, ba ka gaya mata ƙarshen labarin ba? Kai ka tuƙa mana! Ka saba da mai lantarki zalla, ga manya jere da tufafin biki, kana ta ɗaga musu hannu, ka manta ba ka sauke na jirgin ba. Waya ta ƙare, hannun ya yi tsalle sama, gadar masu ƙafa ta fille shi. Da na rubuta sunanka, da ranar ka koma kiwon akuya. Na sa na ɗan wani babba, wanda ba mai iya kora."

Ina ta tambayar Baba, tsohon yana ta amsa wa Baba, Gwaggo tana tsaki tana share ido. Ban taɓa hirar bincike mai daɗin wannan ba, kuma ban san yadda zan nuna madogararta a littafi ba.

Da muka gama, Oom Gert ya ce, "Sauka lafiya, direba." Ban yi masa godiya ba, bai kuma jira ba. Na ce, "Baba, kula da matakala, tana da santsi." Na jawo ƙofar ƙarfen ta rufu, muka kama hanya.

Ka gaida Lindeni, ka shafa mini kan yaron.

Taka yayarka,
Nokulunga