An Cire 'Yata Daga Hoton Iyalinmu, Ni Kuma Na Yi Shiru

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Na daɗe ina karanta filinki a jarida, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zama abin karantawa ba. Na sauya sunayenmu, ko da yake ban san amfanin hakan ba, tun da duk mai bin babbar hanyar Gold Coast ya ga fuskata a saman allo, ina dariya baki har kunne.

Mu 'yan asalin ƙasar nan ne, waɗanda Turawa suka zo suka tarar, ni da mijina Lionel. Muna zaune a Logan da 'ya'yanmu uku: Tameika mai shekara goma sha uku, sai ƙannenta maza, Jirra da Dallas. Lionel baƙi ne ƙirin, mazan biyu shi suka ɗebo. Ni wankan tarwaɗa ce. Ita kuwa Tameika mahaifiyata ta biyo, fara sol, gashinta ja-ja, rana kaɗan ta dake ta sai hancinta ya saɓule. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma tun tana jaririya nake shan tambaya a kanti wai 'yar wa nake raino.

Ni mutum ce mai baki, ba zan ɓoye miki ba. Shekara da shekaru ina mita a kan tallan wuraren wasan nan na bakin teku. Duk hutun makaranta sai su cika talabijin da 'ya'yan Turawa masu farin gashi suna ihu a kan lilo, kamar mu ba ma zuwa, kamar kuɗinmu ba ya shiga aljihunsu. Har gidan rediyon unguwa na taɓa buga waya na zazzage musu. To da aka liƙa sanarwa a cibiyar al'ummarmu cewa ɗaya daga cikin wuraren yana neman iyalin 'yan asalin ƙasa na gaske, ba 'yan wasa ba, don sabon talla, ni na fara miƙa sunanmu. Aka kuwa ɗauke mu. Tameika ta fi kowa rawar kai. Ita ta zaɓa wa kowa rigar da zai sa, ta goge wa babanta tasa, ta gaya wa duk 'yan ajinsu.

Ranar ɗaukar hoton ana rana kamar wuta, cikin watan Janairu, tsakiyar lokacin zafi a nan. An jera mu gaban jirgin nan mai hawa sama ya kifo da mutane, sai matar da ke jagorantar aikin, wata yarinya mai fara'a, ta ja ni gefe. Da farko ta ce kujerun gaba huɗu ne kawai. Na ce to ni sai in sauka, yaran su hau da ubansu. Sai ta rage murya. Ta ce, "Kin ga, mai wucewa a mota ƙiftawar ido gare shi. Muna so da ya kalla ya gane iyalin 'yan ƙasa ne. Ita kuma 'yar taki, kyakkyawa ce ƙwarai, amma za ta rikita mai kallo." Ta ce kada in damu, za a sa ta a wani wurin.

Anti, ni da na tsaya gaban shugaban makaranta na yi masa tatas a kan yaron da ba ma nawa ba, ranar bakina ya mutu. Na kalli fitilu da ma'aikata sun fi a ƙirga, na kalli Jirra da Dallas suna tsalle, na ce a raina idan na ta da rigima za su sallame mu su koma wa masu farin gashinsu. Na je na ce wa Tameika kujeru ne ba su isa ba. Haka na gaya wa Lionel ma. Ta ce, "Ba komai, Mama," ta karɓi jakata ta riƙe min.

Kin san inda aka sa ta? A tallan talabijin, can baya, cikin 'ya'yan Turawan da aka ɗauko don cika wuri. Tana tsaye tana shan askirim, fuskarta dishi-dishi, tana kallon iyalinta suna wucewa.

Da tallan ya fito sai gari ya ɗauka. A Fesbuk wasu suka yi ta zagi, wai an cusa siyasa har cikin wasan yara, wai yanzu sai ka zama baƙi kafin a nuna ka, da wasu maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Lionel da ba ya ko amsa saƙon waya ya zama mayaƙi, kullum yana kan kujera yana mayar musu da martani. Mutanenmu kuwa murna ba a magana. Wata tsohuwa ta tare ni a asibiti ta rungume ni, ta ce jikanta ya sa direban bas ya rage gudu don ya nuna wa kowa yara masu kama da shi. Na ji daɗi har cikin raina, sannan na shiga banɗaki na kasa fitowa.

A gida ma ba a bar zancen ba. Ran nan muna gashin nama a bayan gida, Rhonda yayar Lionel ta ce masa, "Kai dai an mai da kai kayan ado. Je ka leƙa ofishinsu, in ka ga baƙi ɗaya da ba tsintsiya a hannunsa in ba ka motata." Shi kuma ya ce, "Motar da sai an tura? Riƙe abarki. Da ba a nuna mu kin yi mita, yanzu an nuna mu kina mita. Hassada ce don ba ke aka ɗauka ba." Aka yi ta dariya ana musu, kowa da ɓangarensa. Mahaifiyata, Dulcie, wadda kowa ke kira Nana, tana zaune, sai aka miƙa mata waya ta ga hoton allon. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ina jikata?" Na ce kujeru ne ba su isa ba. Ta kalle ni irin kallon da ta saba yi min tun ina ƙarama in na yi ƙarya. Ta ce, "A zamaninmu da mota ake zuwa a ɗauke masu hasken fata daga cikin dangi. Yanzu ashe ba sai an wahalar da mota ba." Yayarta hukuma ta ɗauke haka suna yara, ba su sake haɗuwa ba sai da furfura. Lionel ya ce ai Nana ta cika zurfafa abu, ya juya naman.

Tameika kuwa ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta daina zuwa rawar gargajiya da take yi tun tana shekara biyar, ita da in an shafa mata farar ƙasa a goshi ba ta yarda a wanke sai an yi da gaske. Ta ce karatu ne ya yi yawa. In za mu wuce allon sai ta sunkuya a kan wayarta. Makon jiya na ɗauko ta daga makaranta, mu biyu kaɗai a mota, na matsa mata a kan rawar. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki bar masu kama da abin su yi, Mama. Kada in rikita mai kallo." Ashe ta ji. Tana bayanmu a ranar, ta ji komai, ta kuma ji abin da ban faɗa ba. Na riƙe sitiyari har gida ban iya ce mata komai ba. Karo na biyu ke nan da bakina ya mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Masu wurin wasan sun gayyace mu bikin makon 'yan ƙasa a watan Yuli, za a hau da mu dandamali, ni kuma in yi jawabi a kan muhimmancin a riƙa ganin irinmu a talla. Lionel har ya sayi sabuwar riga. In na hau na yi jawabin, da wane ido zan kalli 'yata? In na fasa ƙwai kuma, masu zagin nan za su yi biki, su ce ga shi nan dama duk ƙarya ce, wataƙila a sauke allon, kuma Allah kaɗai ya san yaushe za a sake ɗora wani baƙin yaro a wurin. Ga Lionel da ya yi wata da watanni yana kare abin da bai san cikinsa ba. Kunya ta hana ni sakat. Ban san ta inda zan fara ba.

Uwar Uku, daga Logan

*

'Yar'uwa Uwar Uku,

Ta wurin 'yarki za ki fara, kuma kada ki jira Yuli. Kin cika wasiƙarki da masu zagi, da masu wurin wasa, da tsohuwar asibiti, da rigar Lionel. Duk waɗannan za su iya jira. Yarinyar da ta ajiye rawarta ce ba za ta iya ba.

Ki same ta ku biyu. Ki gaya mata abin da matar ta faɗa, ki ce kin ji da kunnenki, kin san ba daidai ba ne, tsoro ya kama ki, kika yi shiru, sannan kika yi mata ƙarya. Ki tsaya nan. Kada ki kawo zancen fitilu da yawan ma'aikata, kada kuma ki yi kukan da zai sa ita ta koma rarrashinki. Ta riga ta riƙe miki jaka sau ɗaya. In ta yi fushi, ki bar ta ta yi. In ta ɗaga kafaɗa ta ce ba komai, ki ce mata akwai komai, ki sake dawowa wani lokacin. Maganar rawa kuwa ki ƙyale ta tukuna. Ba daga bakinki za ta ji kiran komawa ba a yanzu. Kakarta ce ta san me ake ji in an auna mutum da launin fatarsa a cikin danginsa, don haka ki riƙa kai ta wurin Nana Dulcie ki bar su su kaɗai.

Daga nan sai Lionel, cikin makon nan. Zai ji zafi, wani ɓangaren zafin a kanki zai sauka, kuma yana da gaskiyarsa. Amma shi uba ne, kuma 'yarsa tana ganinsa kullum yana yaƙi don hoton da aka fitar da ita daga ciki. Ba ta san ko ya sani ba. Wannan tambayar tana cin ta fiye da yadda kike zato.

Yanzu bari in rage miki kaya, don ba duka ne naki ba. Tallan ya yi alheri. Jikan tsohuwar nan bai yi ƙarya ba, abin da ya ji a bas gaskiya ne, kuma ke kika ba shi. Matar da ta ja ki gefe ma ban ɗauke ta muguwa ba. Ta faɗi abin da ta sani game da mai kallo. Inda ta ɓata shi ne, da ta ga mai kallo bai san cewa 'yan ƙasa kala-kala ne ba, sai ta gyara iyalinki ya dace da jahilcinsa. Ta zo nuna mu, ta ƙare da zaɓen wanda ya isa a kira shi mu. Rhonda ma tana da tata gaskiyar: da akwai ɗan ƙasa ko ɗaya cikin masu yanke hukunci a ranar, da maganar ba ta kai kunnenki ba.

Saboda haka ki nemi ganawa da masu wurin, ke da Lionel, da dattijo ɗaya daga cibiyarku. Ki faɗa musu abin da ya faru cikin natsuwa, ki nemi su gyara: su nemi afuwar Tameika, su sake hoton da ku biyar in tana so. Ina jaddada in tana so. Wataƙila ta ce ba ta son ganin kyamararsu har abada, kuma wannan haƙƙinta ne. Za su iya amincewa, don ba su son abin kunya a makon biki. Za su iya kuma yi miki daɗin baki su wuce. In haka ta faru, ki mayar musu da gayyatarsu. Kada ki hau dandamali ku huɗu.

Batun fasa ƙwai a jarida ko Fesbuk, labarin na Tameika ne kafin ya zama naki, kada ki kai shi kasuwa ba da izininta ba. Amma ki daina yin shiru don gudun faranta wa masu zagi. Sun zage ku kuna dariya, za su zage ku in kun yi magana. Ba su ne za ki zauna da su a teburin cin abinci nan da shekara ashirin ba.

Kin yi kuskure a rana mai zafi, cikin ɗan lokaci, kina ƙoƙarin samo wa mutanenki abin da suka daɗe ba su samu ba. Uwar da ba ta damu ba ba za ta rubuto wannan wasiƙar ba. Ki ajiye jaridar nan ki je ki ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta.

Allah ya ba ki ƙarfin baki, ya sanyaya zuciyar Tameika, ya haɗa kan gidanki. Ki gaishe min da Nana Dulcie da kyau.

Anti Glenys