Ranar Da Muka Share Rafi

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya kuma ciwon bayan nan da lodin buhuna ya tayar maka? Mu nan lafiya lau. Auta ta fara tafiya, kuma inda ta fi son zuwa shi ne gindin randa. Baba yana gaishe ka, ko da yake ka san mahaifinka, gaisuwarsa ita ce ya tambaya ko ka rame.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kullum kana cikin hayaniyar motoci, ni kuwa ka san ni da dogon zance. Ranar da za ka tafi ka ce ba ka dawowa sai kifi ya dawo rafinmu. Kai ƙila ɓacin rai ne ya sa ka faɗa, amma ni na riƙe maganar.

To, an fara aikin gyaran rafin. Wata ƙungiya mai kula da ruwa da kifi ce ta kawo tallafi, sai dai ba irin wanda ake miƙa wa mutum ya koma ya kwanta ba ne. Kowa da abin da zai kawo. Hukumar yankinmu ta ba da babbar mota. Manoma sun ja baya daga bakin ruwa, sun bar gaɓa a dasa itatuwa don ƙasa ta daina zaftarewa. Masunta sun yarda ba za su jefa koma a gurbin nan mai zurfi ba har damina biyu. Mu mata muna renon tsirrai a leda, ni ce ma aka ɗora a kansu, kada ka yi dariya. Sharaɗin ɗaya ne: idan wani ɓangare ya janye ko ya ɓata nasa, kaso na biyu na tallafin ba zai zo ba.

Sun turo mana wata mata mai yawo da dogon takalmin roba, muna ce mata Malamar Kifi. Ta sa mota ta kwaso manyan kututtura da rassa, aka jera su cikin ruwa aka danne da duwatsu. Ta ce kifi ma yana son inuwa da wurin ɓuya inda zai zuba ƙwai. Da ka ga fuskar Baba! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire kututtura daga rafin nan don kada su yaga masa koma, yau ga shi ana zuba su da gangan, har ana tafi. Ya ce ya ji ya yarda, amma duk wanda ya san shi ya san bakinsa ne kawai ya yarda.

Ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Ka riƙa shafa maganin nan a bayanka. Ka huta lafiya.

Taka,
Gajeriya

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da abokan ɗakinka kuna lafiya. Na ji daɗin jin cewa bayan ya yi sauƙi. Mu ma jikinmu lafiya, sai dai zukata ne ba lafiya, kuma gara ka ji daga bakina.

An yi ruwa mai ƙarfi, rafi ya cika ya kwaso ciyawa da tsummoki da ledoji, duk suka maƙale a jikin kututturan nan. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa manyan ƙungiyar za su zo duba aiki kafin su saki kaso na biyu. Malamar Kifi ta tafi birni taryo su, ta bar wa Baba shirin karɓar baƙi, tunda shi ne babba a masunta.

Baba ya tsaya a gaɓa ya dubi rafin, ya ce wallahi ba za a kawo masa baƙi su tarar da wurin nan kamar juji ba. Ba wai ya manta amfanin kututturan ba ne. Dabararsa ita ce a fitar da su, a share ruwan tas, idan baƙi sun tafi a mayar, kamar yadda nake kwashe tarkacen ɗaki in tura bayan gida idan 'yan uwanka za su zo. Ya ce kifi ba zai mutu don ɗan lokaci kaɗan ba. Babu wanda ya musa masa, don kowa ya ga maganar ta yi daidai. Maza suka shiga ruwa da igiyoyi, suka yini suna ja, suka jera kututturan a gaɓa gwanin sha'awa. Guda ɗaya ne kawai ya gagare su, wani ƙato da ya nutse cikin laka a bakin gurbi.

Ni ina wajen girkin baƙi. Na yi ta faɗa cewa wane ne ya kawo mana jiƙaƙƙen itace mai hayaƙi haka, idanuna har sun yi ja. Sai daga baya na san rassan rafi ne. Da gidan kifi muka dafa wa masu gyaran gidan kifi abinci.

Baƙi suka iso, Baba yana gaba cikin farar rigarsa, yana nuna musu ruwa fes babu ko tsinke. Malamar Kifi ta duba, ta sake dubawa, sai kawai ta zauna a ƙasa ta cire hularta. Ashe abin da suka yi doguwar tafiya su gani ke nan, kututtura a ruwa da ciyawar da ta taru a kansu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun Baba ta kai shi wajen wani kututture, ta sa aka juya shi, ta nuna masa ƙwan kifi manne a ɓawon, rana ta busar da su. Na zauna gidanku shekara da shekaru, ban taɓa ganin hawayen mahaifinka ba sai ranar.

Baƙin sun ci abinci, sun yi godiya, suka ce za mu ji daga gare su. Tun daga nan Baba ba ya cin kirki. Manoma sun fara cewa in dai haka ne gara su koma gaɓarsu, wasu masunta kuma sun fara duba komarsu. Ni ina ba tsirraina ruwa kullum kamar babu abin da ya faru, amma tsoro nake ji. Idan aikin nan ya rushe, na san kai ma ka yi mini nisa ke nan.

Ka kira Baba, amma kada ka yi masa faɗa, wanda yake yi wa kansa ya isa. Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Gajeriya

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Auta tana lafiya, ta koyi cewa "a'a", kuma ba ta da wata amsa sai ita. Na gode da ka kira Baba. Bai gaya mini abin da kuka tattauna ba, amma ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Kullum da safe yakan je ya zauna kusa da ƙaton kututturen da ya gagare su. Rannan ina cikin tsirraina sai na hango shi tafe da sauri, wandonsa a jiƙe, yana neman Malamar Kifi. Na yar da bokiti na bi su. Ta shiga ruwa a hankali, ta zura farar roba ƙarƙashin kututturen ta ɗago, sai ga 'ya'yan kifi birjik, baƙaƙe, suna ta wutsil-wutsil. Baba ya leƙa ya ce tarwaɗa ce, ita ma ta ce tarwaɗa ce. Karon farko ke nan da na ga su biyun sun yarda da abu ɗaya har zuci.

Ta ɗauki hotonsu ta aika, ta kuma gaya wa manyanta gaskiyar abin da ya faru, har da zancen itacen girkina, Allah ya shirye ta. Amsa ta zo cewa aiki zai ci gaba, da sharaɗin a mayar da kututturan kafin ruwa na gaba. Motar hukuma ta riga ta tafi wani aikin, don haka da kafaɗa ake yi. Manoman da ke gunaguni su ne suka fara zuwa da amalankensu. Baba ya ƙi zama, sai da na ɓoye masa igiya. Yanzu shi ne mai gadin wurin ba tare da kowa ya naɗa shi ba, ko tsinke ka ɗauka a bakin ruwa sai ka yi masa bayani.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kifin da za a kama a sayar yana da sauran lokaci, kuma na san abin da kake turowa shi ke riƙe da gidan nan. Amma manyan kututtura suna nan a gaɓa, sararin sama ya fara haɗa gajimare, kuma kafaɗun Baba ba na da ba ne. Jiya na gan shi ya sauko da komarka yana ɗinke inda ta yage. Na tambaye shi, ya ce don kada ɓera ya ƙarasa ta ne kawai.

Ka ce za ka dawo ranar da kifi ya dawo. Na gan su da idona, ba su kai tsawon ɗan yatsan Auta ba. Amma lokacin da ka yi maganar, ba ka faɗi girmansu ba.

Ina gaishe ka, ina kuma sauraron hanya.

Taka har kullum,
Gajeriya