Rubutun Malam Yana Cikin Na'urar da Ke Ƙas-ƙas

Inna Kaltume, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mahaifinmu malamin allo ne a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. Da ya rasu ya bar adaka cike da takardun da ya rubuta da hannunsa, har da ranar haihuwar kowannenmu a gefen shafi. Gara ta fara cin su. Sai na ɗauki hoton kowane shafi, na zuba a ma'ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta, na goge na waya saboda ta cika. Ni na ce wa yayana Abdulkabir a binne takardun tunda akwai ayoyi a ciki, kada su wulaƙanta, ai komai yana wurina. Aka binne su a gefen gona. Damina ta wuce a kansu.

Yanzu in na jona ta sai ta riƙa ƙas-ƙas, ba ta buɗewa. Na gwada ya fi sau ashirin, har bubbuga ta na yi. Duk Juma'a Innarmu takan ce in nuna mata rubutun Malam. Mako uku ke nan ina ce mata babu caji.

'Yar Malam

'Yata, Allah ya jiƙan Malam. Binne takardun ba laifi ba ne, girmamawa ce, kuma ke kaɗai kika damu da su lokacin da gara ke ci. Kuskurenki shi ne ajiye amana wuri guda. Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa ƙaryar cajin nan. Uwa ake yi wa haka?

Daga yau kada ki sake jona ta. Wannan ƙarar alama ce wani abu yana gogar inda hotunan suke, kowane gwaji ƙara ɓarna yake. Ban da bugu, ban da shanyawa a rana, ban da kwance ta. Kada ki ba mai gyaran waya na bakin tasha. Ki tafi Kano da Abdulkabir, ku nemi wanda aikinsa ceto bayanai ne, ku ce ya fara kwafe komai zuwa sabuwa, kuma kada ya goge komai da sunan gyara. Ana dacewa, ana rashin dacewa, ba zan yi miki alkawari ba. In an samu, ku ajiye wuri uku. Ki kuma tambayi 'yan uwa ko kin taɓa tura wa wani hoto.

Amma kafin Juma'a ki durƙusa gaban Innarku ki faɗa mata gaskiya. Sannan ki ɗauko biro da littafi. Ranakun haihuwar nan Malam ya rubuta, ita ta yi naƙudar, kuma tana nan da ranta. Ki tambaye ta.

Allah ya sa a dace, ya ba ku haƙuri.

Inna Kaltume